Tiya Biyu A Rumfar Gindin Tsamiya

Ranar kasuwar Batsari ce Ikilima ta fara ganin Shafi'u, kuma ba da niyyar kallon kowa ta fito ba. Wayarta ce ta kwana uku ba ta karɓar caji. Ta biyo mahaifiyarta, Inna Talatu, daga Tsaskiya. Inna ta wuce layin masu gishiri da kanwa, ita kuma ta tsaya gaban wata 'yar rumfar gyaran waya tana murza bakin hijabi, sallama ma ta gagare ta.

Saurayin da ke ciki ya ɗago kai. "Baiwar Allah, teburin nan ya yi miki laifi ne? Tun ɗazu kike hararar sa."

Ta miƙa wayar, idonta a ƙasa. "Ba ta caji."

Ya leƙa ramin cajin, ya ɗauki allura ya soma tono. "Ikon Allah! Dusa ce cike a ciki. Surfe kike yi da ita?"

"A madafi nake ajiye ta."

"To ai ta ƙoshi, shi ya sa ta ƙi wuta."

Dariya ta zo mata, ta danne ta da bakin hijabi. Da ya jona wayar ta kawo haske, sai shafin da ta bari a buɗe ya bayyana. Ya karanta a fili: "Madafin Tsaskiya. Yadda ake dambun zogale ba ya caɓewa." Ya dube ta. "Bulog ɗin wa ye wannan?"

"Nawa ne."

"Ke kika rubuta?"

Tambayar ta ɓata mata rai, har ta manta da kunya. "To aljani ne zai rubuta mini? Don na tsaya a aji shida sai aka ce ban iya haɗa baƙi ba?"

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Tuba nake, Malama."

Da ƙyar ya ja ta da magana ta ba shi labari. Wasu mata ne suka taɓa zuwa Safana suka yi wa 'yan mata horo na kwana biyar, suka buɗe wa kowace shafi. Sauran duk sun watsar. Ita ce ta ci gaba, tana hawa dutsen bayan makaranta inda sabis ke kamawa, tana ɗora abin da ta koya a hannun Inna: fura, dambu, ɗanwake, daddawa, miyar kuka da ba ta tsinkewa. Rubutu arba'in da uku ta yi.

"Mutum nawa ke karantawa?"

Ta ce, "Wancan watan shida. Uku ni ce."

Bai yi dariya ba, wannan kuwa ta lura da shi. Ya jawo kujera ya ce ta zauna, ta ƙi, ya bar ta a tsaye ya ci gaba da bayani.

"Kin ga Gugul ɗin nan da mutane ke bincike a ciki, kamar baƙo ne da ya shigo gari bai san kowa ba. Hanya yake bi. In ya shiga ɗaki ya ga wata ƙofa ta ɓulla wani ɗakin, sai ya bi ta. Ke kuwa kin gina ɗakuna arba'in da uku, kowane a tsakiyar gona shi kaɗai, ba turba tsakaninsu. Ta ina zai gano su?"

"To ya ake yin turbar?"

"Linki. Nan a rubutun dambu kin ce a zuba busasshen zogale. Ga shi kuma kina da wani rubutu na yadda ake shanya zogale. Sai a ɗaure wannan kalmar ta koma shuɗiya, duk wanda ya taɓa ta ya faɗa can. Mai karatu ya daɗe a shafinki, Gugul kuma ya gane ɗakunan duk na gida ɗaya ne. Ɗakin da hanyoyi suka fi nufa, shi yake ɗauka turakar mai gida, ya ɗora shi a sama."

Ikilima ta saurara har Inna ta dawo da ƙullin kanwa a kai. Inna ta dubi saurayin, ta dubi 'yarta, ta ce, "Wanga gyaran waya ne ko karatun allo?"

Ranar ya karɓi lambarta, wai don in wayar ta sake ƙoshi.

Kwana biyu bayan nan saƙo ya shigo tana kan dutse.

"Salam Malamar Madafi. Na gwada dambunki jiya. Ƙannena sun ce don Allah kada in sake. Laifin rubutu ne ko laifin hannu?"

Ta goge amsa sau uku kafin ta tura: "Wa'alaikumussalam. Laifin hannu ne. Ka cika ruwa."

"To ashe ina bukatar malama ta dindindin."

Ta sauko daga dutsen tana murmushi, har ta wuce ƙofar gidansu ba ta sani ba.

Cikin wata guda ya fara zuwa Tsaskiya a kan mashin ɗinsa, bayan ya gaida mahaifinta, Malam Sharhabilu, an ba shi izinin zance. Da la'asar yake zuwa, ya juya tun rana na sama saboda hanya. Yana kiran ta Malamata, tana kiran sa Mai Allura. Ya gaya mata babansa mai sayar da hatsi ne a kasuwa, ita kuwa ba ta tambayi wace rumfa ba, don masu hatsi a Batsari sun fi a ƙirga.

Shi ya nemi lambar sirrin shafin, ta ba shi ba ta yi gardama ba. Ya zauna a rumfarsa, in babu mai kawo gyara, yana ɗaure rubutu da rubutu. Fura ta kai mai karatu wurin zaɓen gero. Ɗanwake ya kai shi wurin jiƙa kanwa. Daddawa ta kai shi miyar kuka. Ya koya mata kada ta rubuta "danna nan", ta ɗaure kalmar da ke faɗin abin da ke can, don baƙon nan ya san inda hanya ta nufa tun kafin ya bi.

Wata rana ta buɗe shafin ta ga wani sabon abu. Duk inda ta rubuta "tiya ɗaya ta gero" ko "rabin tiya ta wake", kalmar tiya ta koma shuɗiya. Ta taɓa. Ta kai ta wani tsohon rubutu da ta yi shekara biyu da suka wuce, mai suna "Tiya: abin da ya kamata mace ta sani kafin awo".

Wannan rubutun ba girki ba ne. A shekarar ba su noma gonar nesa ba saboda tsoron daji, sai ta bayan gida kawai, ita ce ta ba su ɗan wake. Inna ta auna tiya talatin a tsakar gida, Ikilima na riƙe da bakin buhu. Da suka kai kasuwa, mai awo ya auna ya ce ashirin da shida. Inna ta yi magana, ya ce ai tiyar ƙauye ƙarama ce. Ta juya wurin mai rumfar, wani dattijo da ke kan kujera yana waya, ya kaɗa mata hannu kamar mai korar kaza, bai ko dube ta ba. Suna nan tsaye wani ya zo sayen dawa, Ikilima ta ga mai awon ya tura tiyar ƙarƙashin buhu ya jawo wata.

Ranar a kan dutse ta rubuta:

"A rumfar da ke gindin tsamiya, kusa da masu igiya, tiya biyu ce. Ta saye an bubbuga gindinta ta yi zurfi. Ta sayarwa tana nan yadda aka sayo ta. Da idona na gani. 'Yar'uwa, in za ki awo ki tafi da tiyarki."

Ba wanda ya taɓa karanta shi. Yanzu ga shi Shafi'u ya buɗe masa hanya daga kowane rubutu. Ta zauna a kan dutsen ta daɗe. Ta ce a ranta, ɗan Batsari, ɗan mai hatsi, ya karanta wannan bai ɓoye ba, ya ma nuna wa duniya. A ranar ne son sa ya gama shiga zuciyarta. Kunya ta hana ta ɗauko maganar, sai ta tura masa kawai:

"Mai Allura, na ga aikin tiya. Allah ya saka da alheri. Ban san haka kake ba."

"Ƙaramin aiki ne Malamata. Don ke ai har buhu sai in ɗaure."

Kafin kaka masu karatu suka haura dubu. Wata mata daga Zariya ta rubuto tana godiya a kan daddawa. Inna ta sa aka karanta mata saƙon sau biyu. Aka kuma sa ranar da manyan Shafi'u za su zo neman aure.

Saura kwana biyar, da hantsi tana kan dutse, saƙonsa ya shigo babu Malamata a ciki.

"Ikilima, akwai matsala. Rumfar gindin tsamiya ta Babana ce, Alhaji Badaru. Wani mai sari daga Kano ya bincika tiya nawa ke cika buhu a Batsari, rubutunki ne ya fito na farko. Ya karanta wa Baba a gaban mutane. Zuwairatu 'yar gwaggona ta gaya masa shafin naki ne. Baba ya ce ko a goge ko babu zancen aure. Don Allah ki goge."

Ta karanta har sau uku. Ta san Zuwairatu a baki, ita ce wadda dangi suka so haɗa Shafi'u da ita ya ƙi. Amma ba ita ce ta dame ta ba. Ta kira shi.

"Kai da ka ɗaure shi, ba ka san rumfar babanka ba?"

"Gaskiya ban karanta ba."

"Ba ka me?"

"Na ga sunan ne. Na ɗauka bayanin ma'auni ne, don mutanen nesa su san girman tiya. Sai na haɗa duka da shi."

"Sau arba'in da biyu ka kai mutane ɗakin da ba ka taɓa leƙawa ba?"

"Kuskure ne, na yarda. Ki goge kawai, Baba ya huce."

"Ƙarya na yi?"

"Baba ya ce bai taɓa cutar kowa ba. Ɗanmaraya mai awonsa ya yi rantsuwa."

"Ni ma in rantse? Ko rantsuwar 'yar ƙauye ita ma ƙarama ce?"

Ta kashe wayar. Ta sauko gida ta ɗauki taɓarya ta hau daka, ba a sa ta ba. Inna ta bar ta har ta gaji, sannan ta ce, "Ɗiyata, turmin nan gadon uwata ne. Mi ya faru?"

Ta faɗa mata duka. Inna ta ce, "Wake dai an cinye shi tuntuni. Kada ki rasa miji a kan tiya huɗu."

"Inna, ba waken ba ne. Hannun nan da ya kaɗa miki ne. Kina tsaye rana na dukan ki, kina magana, ya kore ki kamar kaza. Yanzu kuma ni zan share, a ce ba a yi ba?"

Inna ta juya tana tsince gero, amma Ikilima ta ga ta share ido da gefen zane.

Washegari ta hau dutse ta buɗe shafin. Rubutun na nan, amma duk kalmomin tiya sun koma baƙaƙe. Shafi'u ya shiga da lambar sirrin da ta ba shi, ya tsinke hanyoyin gaba ɗaya. Saƙonsa na jiran ta:

"Malamata, ban goge ba. Na cire linkin ne kawai. In babu hanya, a hankali zai nutse, ba mai ganin sa. Kin ga ke ba ki goge ba, Baba kuma ya huta. Kowa ya samu."

Ta rubuta ba ta tsaya gyara ba:

"Ka shiga ɗakina ba sallama. Ka bar ni da baki ka toshe kunnen mutane, kana cewa kowa ya samu. Abin da babanka ya yi wa Inna shi ka yi mini, sai dai kai da waya ka yi. Kada ka sake kira na Malamarka."

A nan take ta canja lambar sirrin. Sannan ta soma mayar da hanyoyin da kanta, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya koya mata. Sabis na ɗaukewa yana dawowa. Kwana huɗu tana hawa dutsen, rana na dukan ta, har ta ɗaure na arba'in da biyu.

Ranar da aka sa ta zo ta wuce, ba wanda ya zo. Malam Sharhabilu ya sa an share zaure tun da safe, ya zauna har azahar, sannan ya naɗe tabarma ya shiga gida bai ce uffan ba. Wannan ya fi komai yi wa Ikilima ciwo. Ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta wanke fuska ta ɗora tukunya.

Sati biyu ba kira ba saƙo. Ana nan wata la'asar ta ji ƙarar mashin ɗin da ta sani. Ta so ta ƙi fita, Inna ta ce, "Baƙo dai ba a bar shi a rana."

Ya rame. Ta tsaya nesa da shi, ta gaishe shi gaisuwar da ake yi wa mai tallan omo.

"Ikilima, na yi laifi da na taɓa shafinki. Na sani. Amma ki duba halin da nake ciki. Ubana ne."

"Ni ma uwata ce."

"To ya kike so in yi? In ce wa Baba maƙaryaci?"

"Ban ce ba. Ka tambayi babanka, ka tambayi Ɗanmaraya, ka tambaye ni. Ka tambayi tiyar?"

Ya dube ta.

"Kai da kake tono dusa a ramin waya da allura, ka kasa ɗaga buhu ɗaya a rumfar babanka? Ka cika ta saye ka juye a ta sayarwa. In ba ta zuba ba, wallahi da hannuna zan goge, in je har gida in durƙusa wa Alhaji."

"In kuma ta zuba?"

"Wannan kai da zuciyarka."

Ya tafi bai ko sha ruwan da aka kawo masa ba. Ikilima ta koma ciki. Shekara biyu ke nan. Wa ya sani ko an jefar da tiyar tuntuni? Ta ɗora aurenta a kan wani tsohon kwano da ba ta da tabbacin yana nan.

Ranar kasuwa da azahar saƙo ya shigo.

"Na auna a gaban Baba. Ta zuba."

Ta kifa wayar a cinya ta yi ta kallon gonakin da ke ƙasan dutsen.

Kwana uku bayan nan mota ta tsaya ƙofar gidansu. Yara suka kewaye ta. Alhaji Badaru ne da kansa, Shafi'u na biye da shi ɗauke da leda. Aka daɗe ana gaisuwa a zaure, an tambayi gida, an tambayi gona, an tambayi dabbobi da labarin daji. Sannan Alhaji ya ce yana so a kira masa mai ɗakin Malam da yarinyar.

Inna ta zauna daga bakin ƙofa. Ikilima ta durƙusa a bayanta, ta ja hijabi har goshi.

Alhaji ya zazzage ledar. Tiya biyu suka faɗo kan tabarma. Ya kifa ɗaya, kowa ya ga gindinta ya turo kamar ƙoƙo.

"Malam, shekara tara Ɗanmaraya na auna mini. Abin da ya ƙaru shi yake kwashewa da yamma. Na sallame shi. Allah shi ne shaidata ban sani ba." Ya juya wajen Inna. "Hajiya, ki yafe mini."

Inna ta ce, "Ba komi, Alhaji. Allah ya yafe mu baki ɗaya."

"Madalla." Ya gyara zama, muryarsa ta koma ta mai rumfa. "To tunda gaskiya ta fito, yarinya sai ki goge abin nan. Duk wanda ya taɓa waya ya nemi tiya, sunan rumfata yake gani. Jiya har daga Funtuwa aka kira ni."

Malam Sharhabilu ya dubi 'yarsa. Shafi'u ya sunkuyar da kai. Ikilima ba ta taɓa magana a gaban manya uku a lokaci ɗaya ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan goge ba."

"Ikilima!" in ji Inna.

"A bar ta," in ji Malam Sharhabilu a hankali.

Ta ci gaba, idonta a kan tabarma. "Abin ya faru. Ba Inna kaɗai ba ce, mata nawa suka kai hatsi rumfar nan cikin shekara tara? In na goge, kamar na ce musu mafarki suka yi. Kuma Baba, ka ce ba ka sani ba, na yarda. Amma ranar Inna ta faɗa maka. Kana waya. Ka kaɗa mata hannu."

Fuskar Alhaji ta canja. Ya dubi Inna Talatu sosai, karo na farko.

"Na yi haka?"

Inna ta ce, "Ka yi, Alhaji. Amma rana ta yi zafi ranar."

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Sannan ya ce, "To yanzu haka zan zauna, sunana a sama da abin kunya har in mutu?"

"A'a Baba. Zan rubuta abin da ya faru yau. Cewa ɗanka ya auna, ka kori mai awo, ka tako har Tsaskiya da ƙafarka ka ba mace haƙuri. Sai in sa linki a saman tsohon rubutun, layin farko, duk wanda ya shiga wancan ya ga hanyar wannan. Hanyoyin girkin ma in juya su su nufi sabon. A hankali shi zai hau sama."

Alhaji ya juya wurin ɗansa. "Kai, gaskiya ne ana haka?"

"Ana yi, Baba. Ta ma fi ni iyawa yanzu."

"Kai dai rufe mini baki. Da ka karanta abin da kake ɗaurewa da duk ba mu zo nan ba." Ya dubi tiyoyin. "Da kuma har gobe ana cutar mutane a rumfata." Ya tura tiyar mai zurfi gaban Malam Sharhabilu. "Malam, a ba kaji ruwa a cikin wannan ko a huda a jefar. Sannan ina neman wa wannan sakaran auren 'yarka, in har tana son sa. Ni dai ban ga abin so ba."

Malam Sharhabilu ya yi murmushi. "Sai a tambaye ta."

Ikilima ta tashi da gudu ta shige gida, har tana tuntuɓe da turmi. Dariyar Inna ta biyo ta.

Da yamma, su Alhaji suna hanyar komawa, saƙo ya shigo tana kan dutse.

"An ba ni izinin in ce Malamata?"

"An ba ka. Amma lambar sirri sai bayan shekara."

"Na yarda. Wallahi ko rasit aka ba ni yanzu sai na karanta har ƙasa."

Ta rubuta sabon labarin a kwana biyu, ta sa masa suna "Mai rumfar gindin tsamiya ya zo gidanmu". Ta karanta wa Inna kafin ta ɗora, Inna ta sa ta cire wuri ɗaya da ta ce ya yi tsauri. Alhaji kuwa kullum da safe sai ya miƙa wa Shafi'u waya ya ce a duba masa wanne ne a sama. Sati shida tsohon na gaba, yana ta mita. A na bakwai sabon ya wuce shi. A rumfar kuma ya rataye tiya ɗaya da igiya a jikin ginshiƙi, ya ce duk macen da ta zo da tata a gwada a gabanta.

Bayan an gama girbin dawa aka ɗaura auren Shafi'u Badaru da Ikilima Sharhabilu a ƙofar gidan Malam, bayan sallar Juma'a. Mutanen Zakka da Yasore sun zo a kan mashina. Matan Tsaskiya suka yi dambu tukunya bakwai, ko ɗaya bai caɓe ba. Zuwairatu ma ta zo cikin 'yan ɗaukar amarya, ta ci faranti biyu, ta tambayi yadda ake yi.

Tun rana ba ta faɗi ba aka kai amarya Batsari. Gwaggonnin ango suka kai ta gaban Alhaji ta durƙusa, fuskarta a lulluɓe. Ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari da arziki na halal, ana ta amin.

Da ya shafa, ya rage murya yadda na kusa kawai za su ji.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Gidan nan naki ne. Abu ɗaya nake roƙo. In kin ga wani abu ba daidai ba, ki fara faɗa mini kafin ki faɗa wa duniya."

Daga cikin mayafi, murya ƙasa-ƙasa, amarya ta ce, "To Baba. In dai ka ajiye waya."

Gwaggonni suka kama baki. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya zaro wayar daga aljihu, ya miƙa wa Shafi'u, ya ce, "Riƙe mini. Ina sauraron ki, 'yata. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.